Tara ganye da ciyawa don yin taki a jihar Niyok: yaushe rajista take zama dole?

Wani ɗan'uwa mai sana'ar yankan ciyawa da kwashe ganye a gidajen mutane a arewacin jihar Niyok ta Amurka ya aiko da tambaya. Motoci uku gare shi, kuɗin da yake biya a wurin zubar da ganye ya fara cinye masa riba, ga shi ya samu fili eka biyu na haya a bayan gari. Yana so ya riƙa tara kayan a can, ya mai da su taki ya sayar. Wani ya ce masa sai ya yi rajista da jiha, wani kuma ya ce ganye ai ba shara ba ne, babu ruwan hukuma. Wanne zai kama?

Malam, wanda ya ce maka ganye ba shara ba ne yana da gaskiya muddin ganyen yana gindin bishiyar da ta zubar da shi. Mai gida ya tara ganyen gidansa a bayan gida ya ruɓe, babu mai tambayarsa takarda. Amma ranar da ka loda ganyen gidan wani a mota ka kai shi wani fili, doka ta fara kiransa shara, filin kuma ta fara kallonsa a matsayin wurin sarrafa shara. Ko za ka yi rajista ko ba za ka yi ba, yawan abin da kake karɓa a shekara ne zai yanke hukunci, shi ya sa nake so ka ɗauki biro da takarda kafin ka sa hannu a kan yarjejeniyar hayar nan.

Gwamnatin tarayya ba ta ba da lasisin irin wannan wuri. Dokar shara ta tarayya ta 1976 ta bar sha'anin sharar da ba ta da guba a hannun jihohi, don haka kowace jiha da nata ma'auni. Kada ka ɗauki abin da wani abokinka ya yi a Ohayo ko Mishigan ka ce haka za a yi a Niyok. A Ohayo wuraren takin an kasa su aji huɗu, mai karɓar ganye da ciyawa yana aji na huɗu, kuma ana sa shi rajista da zarar wurin ya wuce murabba'in ƙafa 500, wato ɗan fili ne ƙwarai. A Mishigan dokar 2007 ta sa rajista daga kubik yadi 200 (ma'aunin yawan kaya ne, zan bayyana shi a gaba), kafin a sake rubuta dokar a ƙarshen 2022. Niyok ta fi su sakin igiya ta wannan fuskar.

Hukumar da ke da alhakin abin a Niyok ita ce ma'aikatar kare muhalli ta jiha, wadda kowa ke kira DEC. Ƙa'idojinta na shara su ne jerin da ya fara daga sashe na 360, an yi musu babban garambawul a watan Nuwamban 2017, kuma zancen taki yana ƙarƙashin 361-3. Matakai uku ne. Wanda bai karɓi fiye da kubik yadi 3,000 na ganye da ciyawa a shekara ba, an ɗauke masa rajista. Wanda ya wuce 3,000 amma bai haura 10,000 ba, rajista zai yi. Wanda ya haura 10,000, cikakken izini zai nema, wanda ke bukatar injiniya da zane da rahotanni da dogon jira.

Kubik yadi ɗaya shi ne akwati mai ƙafa uku tsawo, uku faɗi, uku zurfi, kusan kashi uku bisa huɗu na kubik mita. Idan ka ji 3,000 sai ka ga kamar ba za ka taɓa kaiwa ba. To mu lissafa da motocinka. A ce kowace mota da tirelarta tana ɗaukar yadi 10, kowace tana sawu biyu a rana. Yadi 60 ke nan a wuni. A kwana 50 ka cike 3,000, kuma zubar ganye kaɗai, daga Oktoba zuwa farkon Disamba, ya kusa cinye waɗannan kwanaki. Ba a sa ciyawar da za ku yanka daga Mayu zuwa Satumba ba, ba a sa share-sharen farkon shekara bayan ƙanƙara ta narke ba. Sannan ga abin da na sha gani: da zarar sauran masu sana'arka sun ji kana da fili, za su fara roƙon su zubar a wurinka su biya ka, kai kuma ba za ka ƙi kuɗin ba. Wurin da aka buɗe don mota uku yakan wayi gari yana karɓar goma.

Ka lura kuma da inda ake awon. Abin da ya shigo ta ƙofa ake ƙirgawa, ba abin da ya rage a fili ba. Tsibin ganye yana zaunawa ya koma rabi ko ƙasa da haka cikin 'yan watanni, sai mutum ya dubi filinsa ya ce ai bai kai ba, alhali tuni ya wuce. Raba fili gida biyu don kowane ɓangare ya tsaya ƙasa da 3,000 ba ya fid da kai, domin filayen da suka haɗa iyaka a hannun mutum ɗaya wuri guda ake ɗaukarsu. Saboda haka, a yadda ka kwatanta aikinka, shawarata ka shirya kamar mai rajista tun ranar farko. Ko shekarar farko ba ka kai ba, ka tanadi littafi a bakin ƙofa, kowace mota a rubuta ranar da ta zo, ta wane ne, me ta kawo, yadi nawa. Wannan littafin shi ne shaidarka duk ranar da jami'in hukuma ya tsaya a bakin filin ya ce a ganinsa kayan sun yi yawa.

Ɗauke rajista ma da sharaɗi yake zuwa, kuma mutane da yawa ba su karanta wannan layin. Wurin da aka ɗauke wa rajista dole ne ya kasance ba ya damun maƙwabta da wari ko ƙura ko ƙudaje da ɓeraye, kuma hukuma ce ke yanke hukuncin ko damuwar ta wuce hankali, ba kai ba. Haka nan abin da ka karɓa ba zai zauna a filin fiye da wata 36 ba. Ma'anar wannan a fili take: suna so su bambance mai yin taki da mai buɗe juji. Wanda yake karɓar kuɗin zubarwa yana tula kaya shekara da shekaru babu abin da ke fita, juji yake da shi ko da ya kafa allo ya rubuta taki.

Ita kanta rajistar ba ta da wahala. DEC ta raba jihar zuwa shiyyoyi tara, kowace da ofishinta, kuma ofishin shiyyarka za ka kai fom. Za ka bayyana mai filin da mai gudanar da wurin, inda filin yake da taswirarsa, irin kayan da za ka karɓa da yawansu, da yadda za ka sarrafa su. Ba ka fara karɓar kaya a matsayin mai rajista sai sun tabbatar maka da ita. Tana aiki na wasu shekaru sannan a sabunta, kuma kowace shekara kafin 1 ga Maris za ka aika rahoton abin da ya shigo da abin da ya fita a shekarar da ta gabata. A nan littafin bakin ƙofa zai sake yi maka rana. Ka kira ofishin tun kafin ka cike komai, ka ce ga fili kaza, ga abin da kake son yi. A sanina ma'aikatan sashen nan sun fi son a kira su kafin a zuba kaya, domin sun san wahalar kwashe tsibin da aka tula a inda bai dace ba.

Takardar DEC kuma ba ta maye gurbin izinin ƙaramar hukuma. Garuruwan Niyok suna da iko sosai a kan abin da za a yi da fili, kuma filin da aka ware don noma ko gidajen zama ba lallai a yarda a shigo da motocin kasuwanci cikinsa ba. Ka je ofishin tsara gari ka tambaya a rubuce. Idan kuma za ka share ƙasa ko ka baje ta har eka ɗaya ko fiye, akwai izinin ruwan sama na masu gini da ake nema daban. Mai filin shi ma ya san ainihin abin da za a yi, a rubuta a yarjejeniya wa zai kwashe kayan idan aka rabu, domin ranar da aka rufe wuri hukuma tana neman mai fili kamar yadda take neman mai aiki.

Yanzu in zo kan abin da na fi so ka ji, domin ban taɓa ganin an rufe wuri saboda an cike fom ba daidai ba. Abu biyu ke rufe wuraren nan, wari da ruwa, kuma dukansu tun ranar zaɓen fili ake shuka su.

Busasshen ganye ba shi da fitina. Sinadarin kabon ya yi masa yawa, naitirojin kaɗan, don haka a hankali yake ruɓa, ka bar shi shekara ma ba zai tada hankalin kowa ba. Ɗanyar ciyawa ce matsala. Cike take da ruwa da naitirojin, tana manne wa juna, iska ba ta ratsa ta. Ka sauke tirela guda ta ciyawar da aka yanka da safe a watan Yuli, ka bar ta zuwa jibi, sannan ka soka mata cebur: waje kore ne, ciki ya koma baƙin kirin mai yauƙi, zafi na tashi, ga wani wari mai tsami da ke kama tufafi. Idan a leda aka kawo ta, tun a mota ta fara wannan aikin. Warin nan iskar yamma ke ɗauka ta kai tagar maƙwabci yana cin abinci, washegari ya buga waya. Kira uku ko huɗu daga gida ɗaya ya isa ya kawo jami'i, kuma daga ranar ba za ka ƙara samun sukuni ba.

Maganinsa sananne ne a wurin masu aikin. Kada ka sayar ko ka sarrafa duk ganyen kaka, ka ajiye tsibi na musamman don ya tarbi ciyawar shekara mai zuwa. Duk ciyawar da ta shigo a gauraya ta a ranar, ba gobe ba, wajen kashi uku na ganye da kashi ɗaya na ciyawa. Idan ba ka da ganyen da zai haɗiye ta, kada ka karɓa, ko nawa za a biya ka. Ana jera kayan a dogayen layuka kamar kunyar gona amma manya, tsayi wajen ƙafa shida, faɗi wajen ƙafa goma sha biyu zuwa sha huɗu, da hanyar mota a tsakani. Laima ta zama idan ka damƙi kayan a hannu ka matse, ka ji danshi, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ba ya tsiyaya. Ka sayi dogon ma'aunin zafi mai sanda. Tsakiyar layi mai lafiya yana kai digiri 55 na Salshiyos ya wuce, zafin da ke kashe irin ciyayi da ƙwayoyin cuta. Idan za ka juya layi da katafila, ka dubi inda iska ta nufa, kada ka juya ranar Asabar da yamma mutane na zaune a waje.

Kada kuma ƙarancin fili ya sa ka tula sama. Dogon tsibi yana danne kansa, iska ta ƙare a ciki, wari ya ƙaru, sannan tsibi mai tsayi wanda ya ɗan bushe yana iya kama wuta da kansa daga ciki. Irin wannan wutar ba ta da harshe da farko, hayaƙi kawai take yi, kuma kashe ta sai an baje tsibin gaba ɗaya. Dokar Mishigan ta 2007 ta hana a tara fiye da kubik yadi 5,000 a kan eka ɗaya, kuma ko ba a jiharka take ba, ma'auni ne mai kyau. Eka biyunka, in ka cire hanya da wurin saukewa da wurin ajiye takin da ya nuna da tazarar gefe, abin da zai rage bai kai yadda kake zato ba.

Ruwa ya fi wari haɗari domin shi ba a jinsa sai ya yi ɓarna. Mutane suna cewa ai ganye ne kawai, me zai yi wa rijiya? Abin da ya faru a Long Island, tsibirin da ke kudu maso gabashin jihar, ya amsa wannan. Tsibirin nan daga ƙarƙashin ƙasa yake shan ruwa, ƙasarsa kuma rairayi ce. A 2016 ma'aikatar lafiya ta gundumar Suffolk ta fitar da rahoton binciken ruwan ƙasa a kusa da wurare goma sha ɗaya da ake tara ganye da itace ana sarrafawa, aka samu sinadarin manganis ya hau sosai a ruwan da ke gangarowa daga wuraren. Yadda abin ke faruwa shi ne, ruwan sama ya ratsa tsibi ya fito baƙi kamar shayi, ɗauke da abincin ƙwayoyin halitta. Idan ya nutse, ƙwayoyin da ke cikin ƙasa su cinye shi su ƙarar da iskar da ke wurin, kuma ƙasar da ba iska tana sakin manganis da ƙarfen da dama suke cikinta su narke a ruwa. Wato gubar ba daga ganyen ta fito ba, ganyen ne ya kwance ta daga ƙasa. Tun daga lokacin jihar ta ƙara tsananta wa wuraren da ke Long Island. Kai kana arewa, amma rairayi da rijiyar maƙwabci ba a Long Island kaɗai suke ba.

Don haka kafin ka biya haya, je filin washegarin ruwa mai ƙarfi da takalmin roba. Dubi inda ruwa ya kwanta da inda ya bi ya fita. Fili mai ɗan gangare kaɗan ake so, layukan su bi gangaren don ruwa ya wuce ta tsakaninsu, kada su tare shi ya taru a gindinsu. Tambayi inda rijiyoyin gidajen kusa suke, ka auna da ƙafa, ka auna zuwa rafi da fadama, domin fadamun da jiha ke karewa suna da tasu doka. Ƙa'idojin Niyok sun sa tazara tsakanin wurin taki da rijiya da ruwa da gidajen mutane, ofishin shiyya zai ba ka adadin da ya hau kan matakinka. Don ka san girman abin da ake magana, dokar Mishigan ɗin nan ta sa ƙafa 50 daga iyakar fili, 100 daga rafi ko tafki, 200 daga gidan zama, 500 daga makaranta ko asibiti ko wurin ibada, da ƙafa huɗu tsakanin ƙasan tsibi da ruwan ƙasa. Ni dai gidan da ke ƙafa 200 ta inda iska ke nufa ban ɗauke shi mai nisa ba, ko doka ta yarda.

Abubuwa biyu za su zo maka da kamar sa'a. Na farko masu sare bishiya za su so su kawo maka gungume da rassa. Niƙa itace a yi abin rufe gindin shuka wani sashe ne daban a dokar, da nasa ma'auni, kada ka haɗa lissafinsu. Na biyu ragowar abinci. A ranar 1 ga Janairun 2022 dokar jihar ta fara tilasta wa manyan wuraren da ke fitar da tan biyu na ragowar abinci a mako su kai wa mai sarrafawa idan akwai shi cikin mil 25, saboda haka wani kanti ko gidan abinci zai iya neman ka. Kuɗin da kyau, amma rajistar ganye ba ta rufe wannan ba, abin da aka yarda ƙaramin wuri ya karɓa ba tare da takarda ba kaɗan ne ƙwarai, kuma ɓeraye da tsuntsaye da wari sukan biyo motar farko. Ka iya ganye tukuna.

Kasuwar tana nan, wannan kada ka ji shakka. Alƙaluman hukumar muhalli ta tarayya na 2018 sun nuna ganye da ciyawa da rassa sun kai tan miliyan 35.4, kusan kashi 12 cikin ɗari na sharar garuruwa, kuma fiye da tan miliyan 10 a ciki binne su aka yi. Masu lambu da masu gyaran fili irinka suna sayen taki mai kyau kowace shekara. Sai dai mai saye ba ya yafe abu biyu. Na farko leda: idan ta shiga injin juyawa ta yayyage, ba ka ƙara raba ta da takin, don haka a tsaya a bakin ƙofa a duba kowane lodi, a karɓi ganye a zube ko a jakar takarda kawai.

Na biyu maganin kashe ciyawa. Akwai wasu magunguna da zafin tsibi ba ya lalata su. A farkon shekarun 2000 an samu ɗaya mai suna kilofiralid a takin da aka yi da ciyawar gidaje a yankin Spokane na jihar Washinton, ya lanƙwashe ganyen tumatir da wake a lambunan waɗanda suka saya, har jihar ta hana fesa shi a ciyawar gidaje a 2002. Kai kana da sauƙi a nan tunda yawancin ciyawar yaranka ne suka yanko, ka san gidan da ake feshi. Ciyawar filin wasan golf ko ta wanda ba ka sani ba, tambayi abin da aka fesa kafin a sauke. Kuma kafin ka sayar da kowane tsibi, ɗebo daga wurare daban-daban a jikinsa, gauraya da ƙasar shuka a tukwane uku ko huɗu, ka ajiye wasu tukwanen da ƙasa zalla, ka shuka wake a duka. Bayan mako uku ka jera su ka duba sabon ganye. Idan na tukwanen takin ya naɗe ko ya murɗe alhali na ƙasa zalla ya buɗe sosai, wannan tsibin ba na masu lambu ba ne, ka ware shi, ka koma littafin bakin ƙofa ka nemo motar da ta kawo ciyawar.